Daren da DOGS ya tsayar da TON: abin da ya faru a wani shagon POS a Sakkwato

Shagon ba wani babba ba ne. Kwantena ce ta ƙarfe ta wajen Dandima, da na'urar POS biyu, da allon cajin waya, da benci guda wanda ba ya rabuwa da ɗalibai masu jiran motar jami'a. Mai shagon matashi ne, ba zan kama sunansa ba. Tun da Notcoin, kwabon kirifto na wasan danne-danne a Telegram, ya fashe (wato aka raba shi aka fara cinikinsa a kasuwa) a watan Mayun 2024 ya ƙara wata sana'a a kan ta da. Yaran da suka yi mainin (tara maki don a ba su kwabo) a Telegram su kawo masa abin da suka samu, su tura a walat ɗinsa (asusunsa na kirifto), shi kuma ya ƙirga musu naira. Yana kuma sayar da ɗan guntun TON ga wanda ba shi da kuɗin gas, wato kuɗin aikawa (TON sunan hanyar da waɗannan kwabban ke bi ne, kuma sunan kwabon da ake biyan gas da shi). Da yake Binance ta daina hulɗa da naira tun watan Maris na shekarar, kuma da yawa daga cikin yaran ba su da takardun yin rajista a manyan kasuwannin musaya, irin wannan dillali ya zama dole a unguwa.

Abin da ya same shi a ƙarshen watan Agustan 2024 shi ne dalilin wannan rubutu. Asarar ba ta kai a yi masa jaje ba. Sai dai a cikin kwana biyu shagon ya ga kusan kowane irin "ya ƙi tafiya" da ake samu a bulokcen, kundin intanet da ake rubuta mu'amalolin kirifto a cikinsa, kuma duk wanda ya zo sunan da yake ba matsalar ɗaya ne: natuwok.

Yadda aka kai ga daren

DOGS, wani kwabon da aka raba ta Telegram a kan TON, bai buƙaci wahalar danne-danne irin ta Notcoin ba. Ana duba daɗewar asusunka na Telegram ne a ba ka maki, sai 'yan ƙananan ayyuka da gayyato abokai. Sauƙin nan ya sa sama da mutum miliyan 50 suka shiga cikin 'yan makonni. An sa Litinin 26 ga Agusta a matsayin ranar fashewa, kwana biyu kacal bayan da aka kama Pavel Durov, mai Telegram, a wani filin jirgin sama kusa da birnin Paris na Faransa. Hankalin 'yan baiwa, wato masu harkar kirifto, a tashe yake tun kafin a buɗe kasuwa. Kowa so yake ya kwashe nasa ya sayar kafin wani labari ya sake fitowa.

Masu karɓa sun kasu biyu. Akwai waɗanda tun farko suka zaɓi a kai musu rabonsu kasuwar musaya, su ba su taɓa bulokcen da hannunsu ba. Akwai kuma masu karɓa a walat, irin kwastomomin wannan shago, kuma su ne lodin ya fito daga wajensu.

A nan akwai wani abu game da TON da yawancin masu mainin ba su sani ba. Kwabo irin DOGS ba a cikin walat ɗinka na asali yake zaune ba. Kowane mai riƙe da shi yana da wata 'yar ma'ajiya ta daban a kan bulokcen, ta wannan kwabon kaɗai. Idan ka tura wa wani, saƙo zai fita daga wayarka zuwa walat ɗinka, walat ɗin ya aika wa ma'ajiyarka, ita ta aika wa ma'ajiyar mai karɓa (in ba shi da ita a ƙirƙira masa a lokacin), sannan a mayar maka da canjin kuɗin gas. Danna "tura" sau ɗaya, aiki uku ko huɗu ne a wajen masu tantancewa, wato masu na'urorin da ke tabbatar da mu'amala su rubuta ta a bulokcen. To a lissafa miliyoyin mutane, yawancinsu sababbi, kowa sai an gina masa ma'ajiya.

Cikin daren Talata wayewar Laraba 28 ga wata, TON ya daina fitar da bulo, wato ƙunshin mu'amalolin da ake ƙarawa a kundin, baki ɗaya. Bayanin da masu kula da shi suka bayar shi ne lodi ya yi wa wasu masu tantancewa yawa har suka kasa share tsofaffin bayanai daga rumbunsu, daga nan suka daina cim ma matsaya a tsakaninsu. Aka yi kira gare su da su sake kunna na'urorinsu gaba ɗaya da ƙarfe 4 agogon GMT, wato ƙarfe 5 na asuba a nan. An shafe fiye da sa'o'i shida kafin bulo ya dawo. Da daren Laraba kuma abin ya sake tsayawa na wasu sa'o'i. Manyan kasuwannin musaya suka rufe saka TON da cire shi har sai da ƙura ta lafa.

Wannan fa shi ne TON ɗin da a ƙarshen Oktoban 2023 aka yi gwajinsa a bainar jama'a aka nuna ya ɗauki mu'amala sama da 100,000 a daƙiƙa guda. Gwajin ba ƙarya ba ne, amma an yi shi ne a kan na'urorin da aka tanada domin gwajin, da irin mu'amalar da aka zaɓa. Doki a filin sukuwa daban, doki a cikin Kasuwar Kara ana jajibirin Sallah daban.

Abin da ya faru a shagon

Na farko ya zo ne wajen ƙarfe goma sha ɗaya na daren Talata, ana shirin rufewa. Ɗalibi ne, ɗan wajen Gwadabawa, zai tafi gida da safe yana neman kuɗin mota da na tsaraba. Suka yi ciniki, ya danna tura, ya juyo da fuskar wayar.

"Yaya, na tura hwa, ga shi nan ka gani."

Manhajar ta nuna ana kan aikawa. Mai shago ya duba tasa bai ga komai ba, amma tun Litinin ya saba da jinkiri, abu ya kan ɗauki minti goma ko ashirin sannan ya faɗo. Ya ƙirga masa kuɗinsa. DOGS ɗin nan bai taɓa isowa ba. Saƙon da waya ke aika wa walat a TON yana ɗauke da wa'adi na 'yan mintuna, in ba a sa shi a bulo ba kafin wa'adin ya cika, ya mutu ke nan. Ba a cire kuɗin gas, ba a rubuta shi a ko'ina, kamar ba a taɓa aika shi ba. Kwabon yana nan zaune a wajen yaron, shi kuwa yaron ya yi gaba bai ma sani ba.

Na biyu akasin wannan ne, kuma shi ya fi ba mai shagon haushi domin da hannunsa ya yi. Ranar Laraba da hantsi, bayan bulo ya dawo, wata ɗaliba ta sayi TON na gas. Ya tura, ba ta gani ba. Aka jira, ba ta gani ba. Tana sauri za ta shiga aji, layi kuma ya taru a bayanta, sai ya sake turawa. Zuwa azahar duka biyun suka bayyana a wayarta. Na farkon ya shiga bulo tun da wuri. Abin da ya makara shi ne manhajar da ke nuna mata ma'auninta, domin manhajojin walat ba su karanta bulokcen da kansu, suna tambayar wasu na'urori ne na tsakiya, su kuma waɗannan na'urorin miliyoyin mutane ne ke ja musu allo ƙasa suna sabuntawa a lokaci guda. Ita dai ta dawo masa da kuɗin na biyun washegari. Wasu biyu da aka yi irin haka da su ba a sake ganinsu ba.

Sai na uku, waɗanda suka fi kowa yawa da hayaniya. Mutum ya zo da DOGS cike da walat amma babu ko ƙwayar TON, ya danna tura ta ƙi, ya ce natuwok ne. Wani kuma ya tura kasuwar musaya ya manta bai sa memo ba (lambar da ke nuna wa kasuwar mai kuɗin), kuɗi suka shiga babban asusun kasuwar ba a san na wane ne ba. Waɗannan ko da tsakar dare ne a ranar da babu kowa a kan layi haka za su same su. Amma ranar fashewa ce ke kawo sababbin hannu, saboda haka kurakuran ma tare da lodin suke hauhawa, sai a ɗora wa cunkoso laifin da ba nasa ba.

Na huɗu shi ne kuɗin mai shagon kansa. Duk DOGS ɗin da ya saya ranar Talata sai ya kai kasuwar musaya zai mayar da shi dala. An rufe ƙofa. Ba abin da ya ɓace, amma jarinsa ya kwana a kwabon da farashinsa ke tsalle, aljihunsa kuma ba nairar da zai sallami masu POS da ita.

Duk wanda ya yi zamanin canjin kuɗi a farkon 2023 ya san wannan yanayin. An cire maka ba ta shiga ba, ka sake turawa, da daddare alat biyu su faɗo wa mai shago. Bambancin kawai, a banki akwai inda za ka je ka cika fom.

Me ya sa abin ba ya tafiya sannu a hankali

Mutane sukan ɗauka cewa in mu'amala ta ninka biyu, matsala ma za ta ninka biyu. Ba haka lissafin layi yake ba. A ce ƙofa tana wuce mutum 100 a minti. In 60 ke zuwa ba layi. In 95 ke zuwa, har yanzu kusan ba layi, sai ɗan tsaiko jefi-jefi. Ranar da suka zama 110, kowane minti mutum 10 ke raguwa a waje, cikin awa guda sun zama 600, kuma ba za su ragu ba sai masu zuwa sun koma ƙasa da 100. Daga 60 zuwa 95 ba wanda ya ji komai, ɗan ƙarin da ya biyo baya shi ya kawo rikicin.

A bulokcen kuma akwai abin da ya fi wannan muni. Mutumin da ke tsaye a layin banki jiki ɗaya gare shi. Mai waya kuwa in ya ga shiru sai ya sake dannawa, ya sake, ya sake. Waɗancan 600 ɗin in kowannensu ya danna sau uku, ƙofar ba 110 take gani ba kuma, ɗaruruwa take gani, kuma sai ta ɓata lokaci ta duba kowane saƙo kafin ta gane maimaici ne ta watsar. Wato wani kaso na lodin, gazawar ce ta haife shi. A benci ɗaya na wannan shago na ga mutum shida kowa yatsansa a kan allo yana ja yana saki, kowannensu kuma yana zagin cunkoson da shi ma yana cikin masu haɗa shi. Ni ma da nawa a hannu, ba zan ɓoye ba.

Kowane bulokcen da inda yake karyewa

Abin da cunkoso ke jawowa ya danganta da yadda aka gina hanyar. Bitcoin bulo ɗaya yake fitarwa a kusan kowane minti goma, abin da bai wuce mu'amala bakwai a daƙiƙa ba. In mutane sun yi yawa ba ya faɗuwa, zauren jira ne ke cika, wanda ya fi biya shi ake fara ɗauka. A watan Mayun 2023, lokacin haukar BRC-20 (wasu kwabbai da ake ƙirƙira a kan Bitcoin), sama da mu'amala 400,000 suka taru suna jira. Wanda ya sa kuɗin aikawa kaɗan zai iya kwanaki, amma da wuya a ce masa abinsa ya lalace.

Ethereum ma da tsada yake korar mutane, sai dai shi yana da wani ciwo na daban: in mu'amalarka ta shiga bulo ta kasa kammaluwa, kuɗin gas ɗin da ta ci ya tafi. A daren da kamfanin Yuga Labs ya sayar da filayen Otherside (filaye ne na intanet, ba na ƙasa ba), ƙarshen Afrilun 2022, an ƙona sama da dala miliyan 150 a gas kaɗai, kuma mutane da yawa sun biya ba su sami komai ba, sai daga baya kamfanin ya mayar wa waɗanda tasu ta faɗi.

Solana ce ta fi koyar da darasi a wannan batu, domin ita da arha ta yi suna. Kuɗin mu'amala na asali 0.000005 SOL ne, abin da bai kai a tsaya lissafinsa ba. In aikawa kusan kyauta ce, me zai hana mai na'urar ciniki mai sarrafa kanta ya harba saƙo dubu yana fatan ɗaya ya dace? A 14 ga Satumban 2021 irin waɗannan na'urori suka yi mata ambaliyar da ta kai saƙo 400,000 a daƙiƙa, ta tsaya kusan sa'o'i 17. A farkon Afrilun 2024 kuma, lokacin da kasuwar kwabban barkwanci ta yi zafi, alƙaluma suka nuna kusan kashi 75 cikin ɗari na mu'amalolin da ba na ƙuri'ar masu tantancewa ba, wato na masu amfani da hanyar, suna faɗuwa.

Wannan kashi 75 ya zagaya duniya, amma kaɗan ne suka tsaya suka tambayi me aka ƙirga. Abin da aka ƙirga shi ne mu'amalar da ta shiga bulo sannan ta ƙi kammaluwa. Mafi yawansu na waɗancan na'urorin ne, waɗanda da gangan aka tsara su: in ribar da aka hango ta wuce kafin a iso, a soke. A wajen mai na'urar wannan ba asara ba ce, tsarin aikinsa ke nan. Shi kuwa talaka mai waya, matsalarsa saƙonsa bai ma kai ga mai haɗa bulo ba, an watsar da shi a hanya, bayan bulo 150 (minti ɗaya da 'yan kai) wa'adinsa ya ƙare. Irin wannan ba ya cikin kashi 75 ɗin, ba ya cikin kowane kaso, domin abin da bai shiga kundi ba ba a ƙirga shi. Daidai da abin da ya sami ɗalibin Gwadabawa a TON. Da wani zai zauna ya fitar da adadin gazawar wannan daren daga bulokcen, cinikin da ya fi ci wa mai shagonmu kuɗi ba zai fito ba ko kaɗan. A sa'o'in da komai ya tsaya ma, kundin ba zai nuna gazawa ko ɗaya ba.

Shi ya sa duk lokacin da na ga zane mai layi biyu, na yawan mu'amala da na yawan gazawa suna hawa tare, nakan yi taka-tsantsan. Wani lokaci lodin ne ya jawo gazawar. Wani lokaci gazawar ce ta kumbura lodin. Wani lokaci kuma abu na uku ne ya ɗaga su duka, kamar farashi mai gudu da ke jawo na'urori ya kuma sa cinikinsu ya riƙa sokuwa. Akwai ma tsayawar da ba ruwanta da yawa: ranar 6 ga Fabrairun 2024 Solana ta yi kusan sa'o'i biyar a tsaye saboda kuskure a manhajarta, ba wata ambaliya.

Yadda aka raba gardamar

Ɗalibin bai dawo ba sai cikin makon farko na Satumba. Da kansa ya zo, ya ce ya buɗe walat a gida ya tarar da kwabonsa yana nan. Matsalar ita ce zuwa lokacin farashin DOGS ya sauka ƙasa da yadda suka yi ciniki. Mai shago ya ce ko dai a dawo masa da nairarsa, ko a ƙaro DOGS ya cike gibin. Yaro ya ce naira ta tafi a mota da tsaraba, kuma adadin da aka yi magana a kai shi zai bayar, ba laifinsa ba ne hanya ta mutu.

Wani dattijo mai sayar da kayan babur a layin ne ya shiga tsakani. Bai san mene ne TON ba, bai kuma nemi sani ba. Tambaya ɗaya ya yi wa mai shagon:

"Ɗana, da abin nan tashi ya yi, za ka ƙara mishi kuɗɗi?"

Mai shago ya yi shiru. Aka tsaya a kan yaro ya tura adadin farko, faɗuwar ta zama ta mai saye. A ganina hukuncin ya yi daidai, ko da yake na san masu cewa cinikin da kaya ba su kai hannu ba bai ƙullu ba tun asali, kuma su ma suna da hujja. Wannan karon dai sai da suka buɗe shafin binciken bulokcen, suka liƙa adireshin walat ɗin mai shago, suka ga kwabon ya zauna, sannan aka yi musabaha.

Daga ranar ya canza abubuwa uku a shagon. Hoton allo ko "ga shi nan ka gani" ba ya sa ya buɗe durowa, sai ya gani a shafin bincike. In ya tura abu aka ce ba a gani ba, adireshin mai karɓa yake dubawa kafin ya sake taɓa komai. Sannan ranar fashewa ba ya zuba fiye da abin da zai iya haƙurin ya kwana a maƙale.

Gwajin ya zo da wuri. Ranar 26 ga Satumba aka raba kwabon Hamster Kombat, wasan Telegram ɗin da masu shi suka ce mutum miliyan 300 sun buga, kuma kowa ya sa ran TON zai sake durƙushewa fiye da na DOGS. An canza salon rabon, ta yadda ba sai an gina wa kowane mutum ma'ajiya tun farko ba, sai ranar da ya fara motsa kwabonsa. An sami jinkiri, wasu manhajojin walat sun yi nauyi, amma bulo bai daina fita ba. Mai shagon ya ƙi sayen ko ɗaya sai bayan la'asar. Bencin ya cika kamar yadda aka saba, sai dai a ranar ba wanda ya ambaci natuwok. Kowa lissafi yake a waya, yana duba ko abin da ya samu bayan wata da watanni yana danne-danne zai biya kuɗin datar da ya ƙona.